Minti talatin a gaban mai ɗaukar aiki



 An ce in yi magana a kan neman aiki bayan jami'a. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a bakin ƙofa guda, wadda yawancinmu ba mu jin labarinta sai ranar da muka iske ta rufe. Ita ce jarabawar baki da kamfanonin ba da shawara kan tafiyar da kasuwanci suke yi wa mai neman aiki wurinsu. Da Faransanci ana ce mata étude de cas. Ni zan kira ta jarabawar warware matsala.

Masu aikin ga ba baƙi ba ne a wurinmu. Kowa nan Sabon Maci ya taɓa ganin farar mota ta tsaya, mutane sun fito da kaye da bik, an tara magidanta ana tambayar su dami nawa suka samu bana, awaki nawa suka sayar lokacin bazara. Su koma Yamai ko Dakar su rubuta rahoto, kuma sau da dama rahoton nan ne ke nuna inda za a haƙa rijiya da inda za a gina magaza. Da yawa cikin masu rubuta shi konsiltan ne, wato an ɗauke su haya su binciki matsala su ce ga abin yi. Ana yi wa furoje irin wannan aiki, ana yi wa gwamnati, ana yi wa banki da kamfanin waya. Damuwata ita ce, mu ake rubutawa a kai, amma ba kasafai ake samun ɗanmu cikin masu riƙe da alƙalamin ba.

Manyan gidajen sana'ar uku ne, duk daga Amurka. McKinsey an kafa shi a Shikago a 1926, BCG a Boston a 1963, sai Bain a 1973, wanda mutanen da suka fita daga BCG suka kafa. McKinsey da BCG suna da ofis a Legas da Kasablanka da Nairobi. Akwai Dalberg, mai aiki a kan harkokin raya ƙasa, yana Dakar da Abijan. Ga kuma manyan gidajen binciken kuɗi, Deloitte da KPMG da EY da PwC, su ma suna da sashen ba da shawara. Idan takardunka sun wuce, wani wurin kuma ka ci gwajin kwamfuta, sai a kira ka ganawa, zagaye biyu ko uku. Kowace ganawa ba ta cika wuce awa guda ba. Kashi na farko labarinka ne. Kashi na biyu, wajen minti talatin, a aza maka matsalar wani kamfani, a ba ka farar takarda, a ce bismilla. Galibi babu na'urar lissafi.

Abin da ake aunawa ba hadda ba ce. Mai tambayar ya san ba ka taɓa sarrafa kamfanin siminti ba. So yake ya ga yadda kake kama matsalar da ba ka taɓa gani ba, ka fasa ta gida-gida, ka nemi lambar da ta dace, ka yi lissafi da baki yana ji, ka yanke shawara. Kuma nan ne nake da magana guda da nake so ku tafi da ita: kayan aikin muna da su. Yaron da ya tashi yana rakiyar babansa kasuwa ya san sari, ya san riba, ya san kuɗin mota da la'ada, ya san abin da ya sa wake ke araha da kaka ya yi tsada da bazara. Abin da ya rage mana tsari ne, da sabon faɗar tunani a fili gaban babba. Dukansu ana koyonsu.

Bari mu yi guda tare, don magana a iska ba ta zama. Lambobin misali ne, ni na tsara su.

Mai tambaya ya ce: "Wani mai injin niƙa ribarsa ta ragu da rabi daga bara zuwa bana. Ya zo wurinka. Me za ka ce masa?"

Na san abin da ke bakin wasunku yanzu: yaron inji ne ke sata! Wani ya ce a rage farashi. Wanda ya faɗi haka a minti na farko ya faɗi jarabawa, ko da daga baya ta tabbata yaron ne. Ba ka bincika ba, zato ka yi. Abin da ake so, ka maimaita tambayar don a tabbata ka ji daidai, ka yi tambaya ɗaya ko biyu: inji guda ne? Niƙa kaɗai yake yi ko har da surfe? Sannan ka nemi izini ka yi shiru minti guda, ka zana tsari. Ka ɗago ka ce: "Riba ita ce abin da ya shigo a cire abin da ya fita. Abin da ke shigowa shi ne yawan tiya sau kuɗin niƙan tiya. Abin da ke fita iri biyu ne: mai bin yawan aiki, kamar gazuwal, da wanda ko an yi aiki ko ba a yi ba sai an biya, kamar kuɗin yaro. Zan fara da abin da ke shigowa."

Yanzu sai ya ba ka lambobi. Bara tiya 200 a yini, kowace a kan sefa 50, ke nan 10,000. Gazuwal 4,000, yaro 1,500, gyara da tarkace 500. An kashe 6,000, riba 4,000. Bana tiya 160, farashi bai canza ba, ke nan 8,000. Gazuwal 4,000, yaro 1,500, gyara 500. Riba 2,000.

Kowa zai ga cewa niƙa ya ragu da tiya 40, kashi 20 cikin 100. Amma wa ya ga abu na biyu? Aiki ya ragu, gazuwal bai ragu ba. Bara kowace tiya tana shan man sefa 20, bana tana shan na 25. Wanga shi ne abin da aka ɓoye cikin lambobin, kuma shi mai tambaya yake jira ya ga ko za ka tono. Sai ka tambaya: kuɗin litar ya tashi? Ya ce a'a. To ashe inji ne ya ƙara sha: ko ya tsufa, ko ana tada shi saboda tiya biyu a kashe a sake tadawa, ko man yana bin wata hanya. Kun ga yaron ya dawo, amma yanzu ɗaya ne cikin uku, kuma lissafi ne ya kawo shi, ba zargi ba. Ka tambayi dalilin raguwar niƙa, ya ce an kafa sabon inji a wata unguwa.

Daga nan ka raba asarar. Tiya 40 da suka tafi, kowace da tana barin sefa 30 bayan an cire mai, 1,200 ke nan. Ƙarin shan mai, sefa 5 sau 160, 800 ke nan. Ka haɗa, 2,000 cif. Idan lissafinka ya rufe haka, ka san kana kan hanya.

Sai ya gwada ka: "Mai injin yana so ya mai da niƙa sefa 40 don mata su dawo." Kada ka ce e, kada ka ce a'a, auna. A sefa 40, mai yana cin 25, saura 15. Yana bukatar 6,000 don ya biya yaro da gyara ya kuma ga ribarsa ta bara. Raba 6,000 da 15, tiya 400 a yini, ninki biyu na abin da yake niƙawa tun ba shi da kishiya. Ba za ta yiwu ba. Idan kuma makanike ya ce gyaran inji jika 60 ne, raba 60,000 da 800, kwana 75 kuɗin sun dawo.

Wanda ya iya wannan a kan injin niƙa ya iya shi a kan kamfanin jirgin sama. Sifili ne kawai ke ƙaruwa.

Tsarin nan da muka zana yana da ƙa'ida, kuma ana jingina ta ga wata mata, Barbara Minto, wadda ta shiga McKinsey a 1963. Ƙa'idar ita ce, in za ka fasa matsala, kada kashi ya hau kan kashi, kada kuma a bar wani abu waje. Ku ɗauke ta kamar rabon gona tsakanin magada. Idan iyaka ta hau iyaka, rigima. Idan an bar wani yanki ba mai shi, rigima. Wanda ya ce zai duba "farashi, da kasuwa, da abokan gasa, da talla" ya jera kalmomi ne kawai, duk sun shiga juna, kuma ya mance da kuɗin da ke fita. Akwai littattafai a kan jarabawar, irin na Marc Cosentino da na Victor Cheng, cike da tsare-tsare. Ku karanta in kun samu. Amma mu da muka saba da hadda muna da haɗari na musamman: mu haddace tsari mu kifa shi a kan kowace tambaya kamar kwando. Masu tambayar sun ji haddar nan sau ɗari, daga jimla ta biyu suke gane ta.

Akwai wani nau'in tambaya da ke firgita mutane, na ƙiyasi. A ce maka: buhun hatsi nawa birnin Maraɗi ke ci a yini? Ba wanda ya ajiye amsar a aljihu, har shi mai tambayar. Hanya ake dubawa. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum wajen 267,000, kuma jama'ar ƙasarmu na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara, don haka ka ce: "Bari in ɗauka 400,000." Ka ɗauka gida mutum 8, gidaje 50,000 ke nan. A birni ana cin shinkafa da masara da taliya, to ka ɗauka kowane gida tiya guda ta hatsi a yini, tsakanin fura da tuwo da kunu. Tiya 50,000. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, buhu 1,250 ke nan, tan 125. Kada ka tsaya nan. Tambayi kanka: hankali zai ɗauka? Babbar mota mai tan 30, wajen huɗu a yini. Ga wanda ya san Maraɗi, huɗu ba abin mamaki ba ne. Da lissafi ya ba ka mota 400, ka san sifili ya ɓace maka a hanya. Kuma duk inda ka ɗauki lamba, faɗa da baki cewa ɗauka ka yi, don in yana da wadda ta fi ya gyara maka.

A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni. Wanda ya tashi a Plato a Yamai sai ya yi tunani kafin ya ce tiya nawa ke cika buhu.

Kuma muna da wata baiwa da ba mu lura da ita ba. Mu da dala muke ƙirga kuɗi. An ce sefa 100, kai ka ji dala ashirin. An ce 750, ka ji dala ɗari da hamsin. Tun muna yara muke rabawa da biyar muna ninkawa da biyar a ka, ba mu san atisaye muke ba. Sai dai a ɗakin jarabawa ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, don in ka fara da sefa ka ƙare da dala, amsarka ta kauce ninki biyar. Abin da ya kamata a ƙara shi ne kashi cikin ɗari da manyan lambobi: kashi 15 na miliyan 240, miliyan 3 sau dubu 12. Minti goma kullum bayan asuba ya isa. Ku riƙe kuma cewa yuro guda sefa 655.957 ne, a lissafin baki 650 ko 656.

Yanzu ga inda tarbiyyarmu da makarantarmu suka haɗu suka yi mana nauyi. A Hausa, mai hankali ba ya faɗa wa magana kai tsaye. Sai an gaisa, an kewaya, an kawo misali, sannan a sauka. A lise kuma an koya mana disertasiyo: gabatarwa, ra'ayi, kishiyarsa, sai a shafi na huɗu a ga matsayarka. Mu da muka yi makarantar harshe biyu mun sha daga rijiyoyin nan duka. A wanga aiki juyawa ake. In ya ce "ga mai injin ya shigo, minti guda gare ka", amsa ce farko: "Alhaji, kada ka rage farashi, gyara inji. Dalili, 800 cikin 2,000 da kake rasawa kullum mai ne, gyaran zai biya kansa cikin kwana 75, rage farashi kuwa sai ka niƙa tiya 400 kafin ka koma inda kake. Abin tsoro shi ne a gyara a iske ba inji ba ne, don haka a fara auna man mako guda. Bayan nan mu duba yadda za a jawo matan da suka koma sabon inji." Shi ke nan. Ka yi shiru.

Sai kunya. An raine mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, da cewa "haka ne" ko ba haka ba ne. Ladabi abu ne mai kyau, ba na ce a zubar ba. Amma mai tambayar zai musa maka da gangan, ya ce "ban yarda ba", don ya ga ko za ka rushe. Idan yana da hujja, karɓa, ka gyara lissafinka a gabansa ba tare da rawar jiki ba. Idan ba shi da ita, ka ce: "Na ji, amma bari in nuna inda lambar ta fito." Kamfani ba zai tura wa darakta mutumin da ke canza amsa don an ɗaure masa fuska ba. Ƴan'uwana mata, wannan ya fi shafar ku, don ku aka fi koya wa yin ƙasa da murya. Ku tuna a jihar nan tamu ta Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma tsarin asusun nan ya bazu ƙasashe da dama. Iyayenmu mata da ba su shiga lakwal ba suna riƙe lissafin mutum talatin a ka, su faɗe shi gaban taro. Ba daga waje za ku aro abin ba.

Yadda ake shiri kuwa, ba a yin shi mutum ɗaya. Karanta matsala da amsarta kamar kallon kokowa ne, ba ya sa ka iya kaye. Ku zama biyu, ɗaya mai tambaya ɗaya mai amsa, a aza agogo minti talatin, a gama a faɗa wa juna gaskiya, a juya. Muna da fada, muna zaman shayi awa uku. Tsakanin na fari da na uku an gama matsala biyu. Shawarata, goma na farko ku yi su da Hausa, a kan abin da kuka sani: mai kabu-kabu, mai cajin waya, matan da ke tatsar man gyaɗa, dillalin awaki a kasuwar Dakoro. In tunani ya zauna, sai ku koma Faransanci, sannan Ingilishi. Wanda ya fara da baƙon harshe yaƙi biyu yake a lokaci guda, kuma ba zai gane wanne ya kada shi ba. Faransanci zai kai ka Dakar da Abijan da Kasablanka. Legas kuwa, wadda ta fi kusa da mu ta hanyar Katsina da Kano, sai da Ingilishi.

Kashin labarinka ba zan daɗe a kai ba. Za a ce ka ba da labarin lokacin da ka jagoranci mutane, ko ka shawo kan wanda ya ƙi. Kada ku raina aikin ƙungiyar ga. Wanda ya tara gudummawa, ya riƙe kes, ya sasanta ƴan kwamiti biyu da ba su ga maciji, yana da abin faɗi. Sai dai ka ce "na yi", ka faɗi mutum nawa, kuɗi nawa, me ya fito. "Mun yi" ɗin nan namu na kawaici ba ya nuna masa hannunka.

Ba zan ruɗe ku ba, manyan gidajen nan kaɗan suke ɗauka cikin dubbai, kuma sun fi leƙa makarantun da suka saba da su. Daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta Abdou Moumouni, hanyar takan bi ta mastar a wuri irin CESAG a Dakar, ko ta sitaj a ƙaramin kabine, ko shekaru a gidan binciken kuɗi. Amma shirin ba ya faɗuwa ƙasa banza. Furoje da bankuna ma sukan ba mai neman aiki matsala a rubuce su ce ya warware, kuma wanda ya koma kasuwancin gidansu da irin wanga ido ya fi wanda ya koma da dipilom kaɗai.

Akwai kuma abin da littattafan shiri ba su cika faɗa ba. Sana'ar tana da tabo. A Fabrairun 2021 McKinsey ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 573 ga jihohin ƙasar, saboda shawarar da ya ba kamfanin Purdue Pharma a kan yadda zai ƙara sayar da OxyContin, ƙwayar kashe ciwo mai kama mutum. Mu da muka ga abin da tramol ya yi wa samari ba sai an yi mana bayani ba. A Afirka ta Kudu ma, a 2018, ya mayar wa kamfanin lantarki na Eskom kusan rand biliyan 1. Lissafin da ya ce "ga inda riba take" bai san halal da haram ba, mai lissafin ne ya sani. Don haka in an ce maka "kana da tambaya?" a ƙarshen ganawa, kana da damar tambayar ko ma'aikaci na iya ƙin aikin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Kada kuma ku haɗa wancan kamfani da jami'ar Purdue, wadda ta yi aiki da masu binciken INRAN a Maraɗi a kan buhun PICS na ajiyar wake. Suna ne ya zo ɗaya.

Tunda buhun ya shigo magana, ga aikin gida, shi ma lambobinsa na misali ne. Wata ƙungiyar manoma tana da wake buhu 100. Da kaka ana saye jika 20. Suna sa ran bayan wata shida ya kai jika 28. Buhun PICS jika guda ne kowane, hayar magaza jika 10 a wata. Amma mambobi suna bukatar rabin kuɗinsu yanzu, kuma sun ce ba su cin bashi mai ruwa. Su sayar, su ajiye, ko su raba? Kafin ku taɓa lissafi, ku rubuta tambayoyi uku da za ku yi wa shugabansu. Ku tuna kuma wakenmu Najeriya yake tafiya, kuma an rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, ga naira ba ta zama wuri guda. Wa ya ba su tabbacin jika 28?

Ku zo da amsa ranar Juma'a bayan la'asar, biyu-biyu, kowa da takardarsa. Shugaba ya ce za a bar mana ɗakin karatu, ni kuma zan zauna kujerar mai tambaya.